Tafiya a Jirgin Ruwa Karo na Farko: Yadda Ake Zaɓen Hanya

Na san wani zai ga kanun nan ya yi dariya, ya ce mu da ruwan da muka fi sani shi ne dam ɗin Sabke, ina mu ina teku? To, ai ba yau muka fara ba. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, daga nan ya wuce Jidda ya sauke farali. Kakanninmu talakawa kuwa ƙasa suka bi, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin, sannan suka haye Bahar Maliya. Sarki da talaka, kowa sai da ya zauna ya zaɓi hanyar da ƙarfinsa zai iya ɗauka.

Yau akwai manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, masu kama da otal, suna zagaya garuruwan bakin teku kwana uku, ko bakwai, ko fiye. Na yi IT ɗina a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Kano, kuma a can na fahimci cewa mu masu ɗan karatu a gida, mu ake miƙa wa waya a ce "duba mini wannan." Idan ka duba da ganganci, miliyoyin kawunka ne za su salwanta, domin galibin kamfanonin nan ba sa mayar da kuɗi don an hana mutum biza. Ga yadda nake bin abin, daki-daki.

Na farko, fara da fasfo, kar ka fara da hoto. Hotunan intanet duk suna da kyau. Tambayar ita ce, da koren fasfonmu, ƙasa nawa ce a hanyar nan ke neman biza? Jiragen da ke zagaya tsibiran Karibiyan da yawansu daga Miami suke tashi, ka ga kenan sai da bizar Amurka. Na yammacin Bahar Rum suna tsayawa a Barcelona ta Sifaniya, da Marseille ta Faransa, da Genoa ta Italiya. Waɗannan duk biza ɗaya ke shigar da kai, wato ta Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024. Amma a kula fa: idan jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya sannan ya dawo Italiya, ya fita daga yankin Shengen ya sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya ya shiga uku, don tun a tashar farko ana iya hana shi hawa. Dole bizar ta zama ta shiga da fita sau da yawa, kuma a bincika ƙa'idar ita ƙasar da za a leƙa. Kar ka ce ai zan zauna a cikin jirgi ba zan sauka ba. A wurare da dama wannan ba ya raba ka da neman biza. Ka tabbata fasfon yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, ka kuma haɗa da katin allurar shawara.

Na biyu, ina jirgin zai tashi, kuma ta yaya za a isa can daga Daura? Tafiyar mutumin Daura daga tasha take farawa: mota zuwa Kano, jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano, wataƙila a ya da zango a Alƙahira ko Addis Ababa. Kowane zango wuri ne da za a iya makara, shi kuwa jirgin ruwa ba motar Kwanar Dangora ba ce da za a ce direba ya ɗan jira. Saboda haka ƙa'idata ita ce a isa garin da za a tashi kwana ɗaya, ko ma biyu, kafin ranar. Na kuma fi son hanyar da ke komawa tashar da ta faro. Tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa gari ɗaya ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin sha'ani.

Na uku, lokaci. Kowane teku da kakarsa. Bahar Rum ya fi daɗi daga Afrilu zuwa Oktoba, sai dai Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso da tsada. Jiragen Tekun Fasha, masu zagaya Dubai da Abu Dhabi da Doha, da hunturu suke aiki, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Na Afirka ta Kudu masu tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik su ma kusan a wannan tsakanin ne. A Karibiyan, kakar mahaukaciyar guguwa tana farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba. Idan ka ga farashi ya faɗi warwas, duba kalanda tukuna, araha ba ta ado. Ka duba kalandarmu ma: azumi, da Sallah, da lokacin jarrabawa. Wa zai yarda ya bar hawan Magajiya don ya je kallon ruwa?

Na huɗu, tsawon tafiya da yawan tsayawa. A takardar hanya za ka ga wasu ranaku an rubuta cewa jirgi na tsakiyar teku, babu tsayawa. Wanda bai taɓa hawa ba bai san yadda cikinsa zai karɓi kaɗawar ruwa ba. Don haka karon farko kwana uku zuwa bakwai ya isa, kuma kar ranakun tsakiyar teku su wuce ɗaya ko biyu. Tsallaka Atlantika, inda ake shafe kusan mako ba a ga ƙasa ba, a bar shi sai an saba. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, nan ne kaɗawa ta fi sauƙi.

Na biyar, karanta awoyi, kar ka tsaya a sunan gari. Za a rubuta maka Rum, alhali jirgin a Civitavecchia zai tsaya, kimanin kilomita 80 daga birnin. Idan an iso ƙarfe 8 na safe za a tashi 6 na yamma, cire fiye da awa biyu na zuwa da dawowa, cire kuma lokacin da ake so kowa ya koma ciki kafin tashi. Abin da ya rage shi ne Rum ɗinka. Wanda ya makara, jirgi zai tafi ya bar shi, kuma shi zai biya kuɗin bin sa zuwa tasha ta gaba.

Na shida, addini da abinci. A tambayi kamfani a rubuce ko akwai naman halal, domin wasu sai an sanar da su tun da wuri. Yawancin jiragen nan suna da mashaya da gidan caca. Gara dattijo ya sani tun yana gida. A Disambar 2024 wani jirgin Saudiyya mai suna AROYA ya fara aiki daga Jidda, an tsara shi da la'akari da al'adun Musulmi. Sai dai tun daga ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Huthi a kudancin Bahar Maliya sun sa kamfanoni da dama sun sauya hanya, don haka a bi labarai kafin a biya. Batun ƙasaru da alƙibla a cikin jirgi mai juyawa kuwa, a je wurin malam kafin tafiya.

Na ƙarshe, lissafi. Farashin da ke jikin talla na ɗaki ne da abinci, kuma na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Ɗora tikitin jirgin sama, biza, otal na daren farko, inshora, kuɗin hidimar ma'aikata da ake caja kullum, intanet, da yawon gari. Duk da dala ko Yuro ake biya, naira kuma kun san halinta, don haka a bar rara. A kuma biya ta hannun kamfanin ko wakili mai rajista da ofis, ba wani mai lamba a WhatsApp ba.

Ga aikin gida ga mai sha'awa: nemo hanyoyi biyu na kwana bakwai, ɗaya daga Barcelona, ɗaya daga Dubai. Ja layi shida a takarda, ka auna kowace da biza, isa tasha, lokaci, ranakun teku, awoyin tsayawa da jimillar kuɗi. Wadda ta faɗi a layin biza, soke ta komai kyanta, ba sai ka duba sauran layukan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya kai matafiyanmu lafiya.