Ajin Manya a Ƙauye: Karatu Tare da Sana'a

Ba yau aka fara koyar da manya karatu a karkarar Nijeriya ba. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a zaurukan dagatai da gindin itatuwa, magidanta suka zauna da allo da alli. Waɗanda suka tsara aikin sun gane abu guda tun da wuri, watau wanda ya koyi baƙaƙe bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu zai mance. Saboda haka hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato.

Daga baya an sami shirin UPE a 1976 domin yara, da gangamin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya a 1982, sa'an nan aka kafa Hukumar Ilmin Manya ta Ƙasa a 1990. Duk da haka matsalar nan ta mantuwa ba ta gushe ba.

Dalili kuwa a fili yake. Manomin da ya wuni a gona ba zai zauna ya haddace abin da bai shafi aljihunsa ba. Amma in darasin yau shi ne rubutun da ke jikin buhun taki, na gobe ma'aunin maganin feshi da za a zuba a ruwa, na jibi lissafin buhu goma na masara bayan an cire kuɗin mota da la'ada, to, ba sai an aika a kira shi ba. Haka mace mai yin man gyaɗa da ƙuliƙuli: ranar da ta iya rubuta abin da ta kashe da abin da ta samu, ran nan za ta san ko riba take ci ko wahala kawai take sha. Da yawa kan yi shekaru ba su sani ba.

Sai maganar lokaci. Aji ba ya yiwuwa da damina, kowa yana gona. Da rani ne ake da sukuni, amma a lokacin ne samari ke tafiya cin rani birane, ƙauye ya rage sai tsofaffi da mata da yara. Abin da kan tsayar da saurayi shi ne sana'ar da za ta ba shi kuɗi a gida: gyaran injin ban ruwa a wuraren da ake noman fadama, gyaran famfon burtsatse, gyaran babur, walda, ɗinki. Ƙauyen da famfonsa kan yi wata uku a lalace ana jiran makanike daga birni, ai shi ne ya fi kowa bukatar ɗansa ya koyi gyaran.

Don irin wannan ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi, watau NDE, a 1986. Tsarinta ya bi al'adar da jama'a suka sani: a damƙa yaro ga ubangidan sana'a ya koya a hannunsa. Ta kuma fito da shirin kai kayan koyarwa cikin mota har ƙauyukan da ba su da masu koyarwa.

Matan aure suna bukatar malama mace, da aji a cikin gidan da mazansu suka amince da shi, a kuma sa lokaci bayan an sauke tukunyar rana.

Jama'ar da ke son a buɗe musu aji sai su tara sunayen masu bukata, su zaɓi wuri da sana'ar da garin ke nema, mai unguwa ko dagaci ya kai maganar ga jami'in ilmin manya na ƙaramar hukumarsu. Masu neman koyon sana'a kuwa, Hukumar NDE tana da ofishi a kowace jiha da kuma Abuja.