Wace Laptop Zan Saya Don Linux?

TAMBAYA: Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Malaminmu ya ce mu saba da Linux, kuma kuɗina ba su kai na sabuwar laptop ba. Wacce zan saya da ba za ta ba ni wahala ba? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Ka kwantar da hankalinka, rashin kuɗin sabuwa bai cuce ka ba. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, ta fi zama lafiya a kan kwamfutar da ta kwana biyu, don masu gyara ta sun riga sun san kayan cikinta.

Nemi ta hannu irin wadda ofisoshin Turai suka sauke: Lenovo ThinkPad T480, ko Dell Latitude 7490, ko HP EliteBook 840 G5. RAM kada ya gaza giga 8, ma'ajiyar kuma ta zama SSD. Ni dai na fi karkata ga T480, saboda tana ɗaukar batir biyu, na ciki da na waje, kai kuwa ka san halin wutarmu.

Inda ake yawan cin tuntuɓe shi ne Wi-Fi. In katin na Intel ne, da ka kunna zai kama. Na Broadcom kuwa sai ka yi ta neman direba, alhali ba ka da intanet ɗin da za ka sauko da ita. Katin hoto na Nvidia ma yana da nasa rigimar. Chromebook mai arha da za a tallata maka, bar ta.

Kada ka dogara da bakin mai shago, da yawansu Windows kawai suka sani. Kafin ka fita daga gida, sa Linux Mint ko Ubuntu 24.04 a filashi. A shagon, ko a nan Katsina ko a titin Beirut na Kano, soka filashin, ka kunna kana danna F12 (F9 in HP ce). Linux za ta tashi ba tare da ta taɓa komai a cikin kwamfutar ba. Sai ka gwada Wi-Fi da lasifika da kyamara, ka rage hasken fuska ka ƙara, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Ka leƙa BIOS ma, don wasu na zuwa a kulle da kalmar sirrin tsohon ofishinsu. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, yi masa sallama ka wuce gaba.

Abu ɗaya: CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. In da su kake samun na cefane, raba ma'ajiyar biyu ka bar Windows a gefe. Ɓangaren rubutu kuwa, Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan. Allah ya ba da sa'ar karatu.