Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Gina Birni da Tilascin Intanet

Wani mai sauraronmu daga Kawo, nan Kaduna, yana tambaya: me ya sa wasan kwamfuta na gina birni zai ƙi buɗewa sai da intanet, alhali shi kaɗai yake bugawa?

To Malam, wannan rigima ta daɗe. A watan Maris na 2013 kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da sabon SimCity, wanda Maxis ya ƙera, da sharaɗin dole a kasance kan intanet. Jama'a suka yi caa a kansa, manyan kwamfutocin kamfanin suka kasa ɗauka. Mutum ya biya kuɗinsa, ya jira layi, ya shiga da kyar, ya tarar birnin da ya gina jiya ya ɓace, don can wurinsu ake ajiye shi. Har Amazon sai da ya dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci.

Kamfanin ya ce kwamfutocinsa ne ke yin wani sashe na lissafin wasan. Amma wasu gwanaye suka taɓa shi, ya yi aiki babu intanet. Shi ya sa da yawa suke ganin tsoron satar fasaha ne kawai, mu ma nan muka fi karkata. Sai a Maris na 2014 aka cire sharaɗin.

Kai da ke fama da tsadar data da ɗaukewar wuta, ka duba Cities: Skylines na 2015, aikin Colossal Order na ƙasar Finland. Ka sauke shi sau ɗaya, ka ci gaba da shimfiɗa titunanka ko sabis ya ɗauke.