Zabarmari da Hukuncin Beslan

Ranar Asabar 28 ga Nuwamba 2020 'yan Boko Haram suka yi wa manoman shinkafa yankan rago a gonakin Koshebe. Washegari aka sallaci mutum 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Zulum na Borno yana cikin sahu, daga baya kuma shugaban ƙungiyar, Abubakar Shekau, ya ce aikinsu ne. Da yawa sun ɗauka shari'a ba ta da ta cewa, tunda mai laifin yana daji, sammaci ba ya isa can. Mu da muke aikin lauya mun san akwai tambaya ta biyu: gwamnatin da aka ɗora wa tsare rayukan nan, me ta sani kafin ranar, me ta yi a kai, wane bincike kuma ta yi bayan an rufe kaburbura? Amsar irin wannan tambaya tana cikin hukunce-hukuncen kotunan ƙasa da ƙasa, kuma kotun ECOWAS da ke Abuja da Turanci da Faransanci da Fotugis take aiki. Matar da aka bar wa marayu a Zabarmari Kanuri take ji, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa.

A watan Satumba 2004 'yan bindiga suka mamaye wata makaranta a Beslan ta ƙasar Rasha, mutum sama da 330 suka mutu, fiye da rabinsu yara. Waɗanda suka tsira da dangin waɗanda abin ya shafa, su 409, suka kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ranar 13 ga Afrilu 2017 kotun ta ce hukumomin Rasha sun sami labarin ana shirin hari a yankin, ba su ɗauki matakin da ya isa ba, saboda haka sun tauye haƙƙin rayuwa, ta kuma sa a biya kusan yuro miliyan 3. Lauyoyin can sun daɗe suna karanta hukunce-hukuncen wannan kotu cikin Rashanci, domin an ɗauki fassara da muhimmanci. Hukuncin Beslan bai hau kan Najeriya ba, amma ƙa'idar tana gidanmu: sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda ta zama dokar Najeriya tun 1983, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfinta a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000. Kotun ECOWAS ma ta yi irin wannan hukunci a 2008, da ta kama gwamnatin Nijar da laifin ƙin kare Hadijatou Mani daga bauta, alhali wani mutum ne ya bautar da ita, ta kuma sa a biya ta sefa miliyan 10. Tun 2005 talaka yana iya zuwa wannan kotu kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Lokacin da Garba Shehu, kakakin shugaban ƙasa na wancan lokacin, ya ce manoman Koshebe ba su sami izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin, lauya zai ji wani abu dabam a cikin maganar: ashe an san wurin da haɗari.

Za a ce ƙaddara ce. Haka ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙalin Musulunci yanke diyya ba. Za a kuma ce gwamnatoci ba sa bin hukuncin ECOWAS, kuma wannan suka ce mai nauyi. Ko a Hague, Fatou Bensouda, mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya a lokacin, ta sanar ranar 11 ga Disamba 2020 cewa akwai dalilin buɗe cikakken bincike a kan Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya, bayan nazarin shekara 10, maganar kuma ta yi ta tafiyar hawainiya. Sai dai hukuncin da masu haƙƙi ba su san da shi ba ya fi sauƙin bisnewa a aljihun tebur. Nijar ta biya Hadijatou, shari'ar da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, duniya tana kallo.

Aikin bai fi ƙarfin Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Maiduguri da ƙungiyar lauyoyi ta garin ba. A taƙaita hukuncin Hadijatou da na Beslan cikin shafi biyu-biyu da Hausa da Kanuri, lauya ya duba cewa ma'anar ba ta zame ba, sannan a karanta su a rediyon BRTV, domin manomin Zabarmari da rediyo yake zuwa gona.