Na Kwanta Asibiti, Na Dawo An Sallame Ni

Tambaya: Ni leburan wata masana'anta ne a Kano. An yi mini tiyata, na yi kwana tara ban je aiki ba, kuma na kai takardar likita. Ina dawowa manaja ya ce ba sa riƙe mai ciwo, ya ba ni takardar ajiye aiki in sa hannu. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sa hannu a takardar nan, ko da an haɗa maka da ɗan kuɗin sallama. Da zarar ka sa, za su ce kai ka tafi don kanka.

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci irinka hutun jinya har kwana 12 a shekara da albashinsa, muddin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Kwana tara bai kai nan ba.

Tun yau ka adana takardar ɗaukarka aiki, da ta asibiti, da shaidar albashi, da duk saƙon da manajan ya turo maka a waya. Ka rubuta ranar da ya faɗi maganar nan da waɗanda suka ji, domin ita ce shaidar wariya. Sannan ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, ka riƙe kwafi, ka sanar da ƙungiyarku ta ƙwadago ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

In sulhu ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan ƙara, kuma tana zama a Kano. Shari'a takan ja lokaci, saboda haka ka ga lauya da wuri, ka tambaye shi kuɗinsa tun kafin a fara.