Kifi Mai Gina Ɗaki Da Kumfa

Can gabas, in ka wuce ƙasar Hindu, akwai wata ƙasa wadda mutanen da su ke kira Siyam. Cikin shekarar 1939 aka sake mata suna, aka ce Tailan. Ƙasar shinkafa ce, ruwa ya kan kwanta cikin gonakinsu wata da watanni. A cikin ruwan nan akwai wani ɗan kifi, tsawonsa bai fi yatsanka ba. Mutanen wurin suna ce masa pla kat, watau kifi mai cizo, gama in maza biyu suka gamu sai faɗa, kamar zakaru. Turawa kuwa su kan ce beta.

Ka san yadda gaiwa ta kan taso ta shaƙi iska. To, shi ma haka ya ke yi, don haka ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi zama.

In kana so ka kama shi, kada ka nemi kifin, nemi ɗakinsa. Namijin ya kan guntsi iska ya fesa ta kumfa-kumfa, har ta taru wuri guda a gindin ciyawa. Bi bakin gona a hankali. Inda ka ga kumfan nan, mai shi yana ƙarƙashi. Zura kwando ta ƙasa, ka ɗaga. Kada ranka ya ɓaci in ka gan shi ƙasa-ƙasa, ba ado. Jajaye da shuɗɗan da a ke sayarwa, kiwo ne ya mai da su haka. Na daji sai ya fusata kyaunsa ke fitowa. Amma ɗauki kaɗan, gama gine-gine da maganin ƙwari sun rage su ƙwarai.

In ka kawo su gida, zuba ruwa kamar taƙi guda cikin kwatarniya, ka jefa busasshen ganye, ka rufe da abin da iska za ta shiga, don gwanayen tsalle ne. Ruwan ya zama da ɗumi, sanyi yana kashe su. Abincinsu tsutsar sauro.

Sai namiji ya gama ɗaki, sa'an nan ka saka masa mace. Zai naɗe ta da jikinsa, ta saki ƙwai, shi kuwa ya bi yana tsincewa da baki yana kai wa cikin kumfa. Da sun gama, fid da macen nan da nan. In ka yi sakaci zai kore ta da cizo, ba ta kuwa da wurin gudu, har ya kashe ta.

Daga nan aikin reno na uba ne shi kaɗai. Wanda ya faɗo ya mai da shi, kumfa in ta fashe ya gyara. Kwana ɗaya ko biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe. Bayan kamar kwana 3 kuma 'ya'yan su fara iyo da kansu. Ran nan sai ka fid da uban shi ma, gama wani ya kan cinye su.