Mai Gadin Huhu Da Ke Maƙalewa A Hanta

Cikin ayyukan da hanta ke yi dare da rana akwai ƙera wani furotin da likitoci ke kira alfa-1 antitirifsin. Takan zuba shi cikin jini, jini ya kai shi huhu, can ne bakin aikinsa. Fararen ƙwayoyin jini idan sun fito yaƙar cuta sukan saki wani sinadari mai narka nama, to wannan furotin shi ke tare shi kada ya cinye huhun mai shi.

A shekarar 1963, a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, Carl-Bertil Laurell da Sten Eriksson suka lura akwai mutanen da furotin ɗin ya yi ƙaranci a jininsu, huhunsu kuma yana lalacewa tun da sauran ƙuruciya. A 1969 Harvey Sharp, a Minesota ta Amurka, ya tarar da ƙarancin nan a yara masu tabon hanta. To, ina ruwan hanta da ciwon huhu?

Ga yadda abin yake. Wanda ya gaji nau'in furotin ɗin da ake kira Z daga uwa da uba, hantarsa tana ƙera furotin ɗin, amma a karkace. Sai ya riƙa sarƙewa da 'yan'uwansa kamar zaren da ya cukurkuɗe, har wajen kashi 85 cikin 100 ya kasa fita. Ƙwayoyin hanta su cika, su gaji, su mutu. Mutuwarsu ke tayar da wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, waɗanda da can ajiyar bitamin A ce sana'arsu, su koma shimfiɗa kolajin don ɗinke rauni. Ɗinki bisa ɗinki, shekara bisa shekara, hanta ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta, ciki ya tara ruwa, ido ya yi rawaya.

Abin lura, kuma nan mutane da yawa ke kuskure: cunkoson ne ke jawo tabo. Shaida kuwa, akwai waɗanda jikinsu ba ya ƙera furotin ɗin sam, huhunsu kan lalace, amma hantarsu ƙalau. Shi ya sa ƙarin furotin ta jijiya, wanda Amurka ta amince da shi a 1987, huhu kaɗai yake taimaka wa. Hantar da ta gama ƙandarewa, sai dashe.

Ba duk mai nau'in Z ke kaiwa ga haka ba. Giya, kitse da ƙwayar ciwon hanta suna cikin abubuwan da ke ingiza tabon. Nau'in ya fi yawa a arewacin Turai, a ƙasashenmu bai cika samuwa ba. Amma ƙwayoyin nan masu siffar tauraro duk wani rauni mai daɗewa yana tayar da su, kuma a nan gida babban mai tayar da su ciwon hanta nau'in B ne, tsargiyar hanji ma tana tayar da su. Na B ɗin yana da rigakafi, allurar farko kuwa cikin awa 24 da haihuwar jariri ake so a yi ta.